Tambaya da Amsa: Tuddan Tsakiyar Teku da Yadda Ƙasan Teku Ke Buɗewa

Tambayoyin da masu karatu suka aiko mana a wannan karon sun taru a kan batu guda, wato abin da ke gudana a ƙasan manyan tekuna, inda ake samar da sabon ɓawon duniya ba dare ba rana. Ga waɗanda muka zaɓa tare da amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta cewa Tekun Atlantika yana ƙara faɗi kowace shekara, kuma Afirka da Kudancin Amurka suna ƙara nesa da juna. Idan haka ne, me ke cike giɓin da ke buɗewa a tsakaninsu, kuma me ya hana ruwan teku tsiyayewa ta wurin? Daga wani malamin labarin ƙasa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka karanta gaskiya ne, kuma a yau aunawa ake yi kai tsaye. Tashoshin GPS da ke ɓangarorin biyu na tekun suna nuna cewa Atlantika yana ƙara faɗi da santimita 2 zuwa 5 a shekara, gwargwadon wurin da aka auna. A tsawon rayuwar mutum guda wannan bai wuce 'yan mitoci ba, amma a shekara miliyan ɗaya ya kai kilomita 20 zuwa 50, alhali Afirka da Kudancin Amurka sun haura shekara miliyan 100 suna rabuwa.

Wurin da rabuwar ke faruwa yana can tsakiyar tekun, nesa da gaɓa. A can akwai wani dogon tudun duwatsu da ya ratsa Atlantika daga arewa zuwa kudu, mai tsawon kimanin kilomita 16,000, yana bin lanƙwasar nahiyoyin da ke dama da hagunsa. Shi kansa reshe ne na wani jerin tuddai da ya zagaya ta kudancin Afirka ya shiga Tekun Indiya, ya bi ta tsakanin Ostireliya da Antaktika, sannan ya haura gabashin Tekun Fasifik. Idan aka haɗa su duka tsawonsu ya kai kimanin kilomita 65,000, kuma babu jerin tsaunuka a doron ƙasa da ya kama ƙafarsu. Su ake kira tuddan tsakiyar teku. Ɓawon duniya a rarrabe yake zuwa manyan farantai masu motsi, kuma waɗannan tuddai su ne iyakar da farantai biyu ke ja da baya daga juna.

A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta, domin sun ɗauka cewa a ƙarƙashin ɓawon duniya akwai kogin wuta da ke jiran a buɗe masa ƙofa ya kwararo. Sashen da ke ƙarƙashin ɓawon, wanda masana ke kira mantil, daskararren dutse ne, sai dai tsananin zafi ya sa yana iya motsawa sannu a hankali, kamar ƙarfen da maƙeri ya gasa ya yi jawur, bai narke ba amma yana lanƙwasuwa. Abin da ya hana shi narkewa duk da zafinsa shi ne nauyin duwatsun da suka danne shi, domin gwargwadon ƙaruwar matsi, gwargwadon ƙaruwar zafin da dutse ke buƙata kafin ya narke. To, idan farantai biyu suka ja da baya, sai dutsen mantil da ke ƙarƙashinsu ya taso ya maye gurbin. Yana tasowa matsin da ke kansa yana raguwa, zafinsa kuwa bai ragu sosai ba, har idan ya iso zurfin kimanin kilomita 60 sai wani ɓangare nasa ya fara narkewa ba tare da an ƙara masa zafi ko kaɗan ba. Abin da ke narkewa bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na dutsen ba, kuma da yake narkakken bai kai daskararren nauyi ba, sai ya riƙa tsattsafowa sama yana taruwa a ƙarƙashin tsakiyar tudun.

Da wannan narkakken dutse ake gina sabon ɓawo mai kaurin kilomita 6 zuwa 7, hawa-hawa. Wanda ya tsaya a can ƙasa yana hucewa a hankali ya zama dutse mai manyan ƙwayoyi da ake kira gaburo. Wanda ya kutsa cikin tsagogi yana daskarewa a tsaye, bango-bango a jere, kowace sabuwar tsaga tana buɗewa a tsakiyar tsofaffin. Wanda kuwa ya samu ya fito sarari da zafin kimanin digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyas, sai ya ci karo da ruwa mai sanyin digiri 2, fatarsa ta daskare nan take ta zama gilashi, cikinsa ya ci gaba da kumbura yana fasowa, ya bar dunƙule-dunƙulen baƙin dutsen basalt da ake kira duwatsun matashi saboda siffarsu. Saboda haka babu wani giɓi da ke zama a buɗe balle ruwa ya zurare. Kowane santimita da aka ja, dutse yana cike shi. Kimanin kashi uku cikin huɗu na narkakken dutsen da duniya ke fitarwa kowace shekara a waɗannan tuddai yake fita, a cikin duhun da ido bai cika kaiwa ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, babu wanda ya rayu shekara miliyan ya ga teku yana buɗewa. Ta yaya masana suka tabbatar da wannan magana tun kafin zuwan GPS? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗiyata, domin irinta ce ta sa masana suka yi kusan shekara hamsin suna ƙin yarda da maganar. A 1912 wani masani Bajamushe, Alfred Wegener, ya ce nahiyoyi a haɗe suke a da, daga baya suka rabu. Ya kafa hujja da yadda ƙusurwar Barazil ta dace da lungun yammacin Afirka, da kamannin duwatsun ɓangarorin biyu, da burbushin wata ƙaramar dabba mai rarrafe mai suna Mesosaurus da ake samu a kudancin Afirka da Kudancin Amurka, wadda ba za ta iya ƙetare teku da iyo ba. Sai aka tambaye shi ƙarfin da ke tura nahiya sukutum ta keta daskararren ƙasan teku, bai kuwa da gamsasshiyar amsa. Ya rasu a kan ƙanƙarar Girinlan a 1930 mafi yawan masana suna kallon ra'ayinsa a matsayin tatsuniya. A ganina ba su yi laifi da suka nemi hujja ba. Hujjar tana ƙasan teku, kuma a lokacin ba a san ƙasan teku ba.

Na'urar auna zurfi da amsa-kuwwa ce ta fara buɗe ƙofa. A 1952, a cibiyar bincike ta Lamont da ke ƙarƙashin Jami'ar Kolumbiya a Amurka, Marie Tharp tana harhaɗa awon zurfin da jiragen ruwa suka kawo daga arewacin Atlantika, a zamanin da ba a barin mata su hau jiragen binciken, sai ta lura da wani kwari mai zurfi da ya tsaga ƙololuwar tudun gida biyu a kowane layin awo da ta zana. Abokin aikinta Bruce Heezen ya yi watsi da maganar da farko, sai da aka ɗora taswirar wuraren girgizar ƙasa a kan tata aka ga girgizar tana bin cikin kwarin sau da ƙafa, sannan ya sallama. Daga nan Harry Hess na Jami'ar Firinston, wanda ya jagoranci jirgin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu yana auna zurfin Fasifik a kan hanyarsa, ya fito da bayani a 1962 cewa a tuddan ake haifar ƙasan teku, ya riƙa matsawa gefe yana ɗauke da nahiyoyi, ba wai nahiyoyin ne ke keta shi ba. Robert Dietz ya wallafa irin wannan ra'ayi a 1961. Duk da haka, bayani ne mai daɗin ji wanda ke jiran gwaji.

Gwajin ya zo ta hanyar maganaɗisu. Basalt yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ma'adinin ƙarfe, kuma a lokacin da yake hucewa waɗannan ƙwayoyi suna ɗaukar alƙiblar maganaɗisun duniya ta wannan lokacin, su riƙe ta muddin dutsen bai sake yin zafi ba. Maganaɗisun duniya kuwa yakan juya, arewarsa ta koma kudu, kudunsa ya koma arewa, ba bisa wani tsayayyen lokaci ba. Cikakken juyi na ƙarshe ya faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Tun 1961 aka wallafa taswirar ƙasan teku ta yammacin Amurka ta Arewa mai nuna ratsi-ratsin maganaɗisu, mai ƙarfi da mai rauni bi da bi, ba a san dalilinsu ba. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews na Jami'ar Kambirij a Ingila suka haɗa abubuwan biyu, haka ma Lawrence Morley na Kanada shi kaɗai, ko da yake mujallu sun ƙi buga tasa takardar. Suka ce idan Hess ya yi daidai, to kowane ratsi ɓawo ne da aka haifa a zamanin alƙibla guda, kuma dole ratsin da ke dama da tudu su yi daidai da na hagu ɗaya bayan ɗaya, faɗinsu kuma ya yi daidai da tsawon zamunnan da aka riga aka auna a duwatsun doron ƙasa.

Ƙarfin wannan magana shi ne ana iya ƙaryata ta da awo guda, sai awon ya gaskata ta. A 1966 Walter Pitman da James Heirtzler suka fitar da sakamakon da jirgin bincike Eltanin ya auno a tudun kudancin Fasifik, inda ɓangaren dama da na hagu suka dace da juna har tsawon ɗaruruwan kilomitoci. A ƙarshen 1968 kuma jirgin haƙa Glomar Challenger ya shiga kudancin Atlantika ya haƙa ramuka a jere a nesa daban-daban da tudun, aka duba burbushin ƙananan halittun da ke cikin lakar da ta kwanta kai tsaye a kan basalt, aka tarar shekarunta suna ƙaruwa daidai da nisan ramin daga tudun. Ita kanta lakar kusan babu ita a ƙololuwa, tana ƙara kauri ana nisa. Maganaɗisu, burbushin halittu da kaurin laka ba su da alaƙa da juna, amma labari guda suka bayar, kuma da GPS ya zo daga baya, saurin da ya auna ya yi kusa ƙwarai da wanda aka lissafa daga ratsin.

Tambaya: Ranka ya daɗe, idan kullum ana ƙara sabon ƙasan teku, ke nan duniya tana ƙara girma? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, ba kai kaɗai ka yi wannan tunani ba, domin shi kansa Heezen ya taɓa riƙon ra'ayin cewa duniya kumbura take yi. Amma awon taurarin ɗan'adam ya nuna girmanta yana nan yadda yake. Abin da ake ƙarawa a tuddai, kimanin murabba'in kilomita 3 a shekara, ana rage kwatankwacinsa a kwazazzaban teku, inda tsohon faranti ke lanƙwasawa ya nutse ƙarƙashin maƙwabcinsa ya koma cikin mantil. Mafi yawansu sun kewaye Tekun Fasifik, a gefen Chile da Alaska da Japan, kuma mafi zurfinsu shi ne na Mariyana, wanda ya kusa mita 11,000. Atlantika ba shi da irin waɗannan kwazazzabai sai ƙanana guda biyu, ɗaya a yankin Karibiyan, ɗaya can kudu kusa da Antaktika, shi ya sa yake ƙara faɗi yayin da Fasifik ke tsukewa, duk da cewa tudun Fasifik ya fi saurin aiki.

Wannan ne ya warware wani abin mamaki. A nahiyoyi akwai duwatsu masu shekara biliyan 4, kamar na arewacin Kanada, amma a manyan tekuna da wuya a sami ɓawon da ya wuce shekara miliyan 180, kuma mafi tsufansa yana yammacin Fasifik, dab da inda zai nutse. Ɓawon nahiya ba shi da nauyin da zai nutse, shi ya sa ya daɗe. Na teku kuwa yana ƙara sanyi da nauyi da shekaru, har farantin da ke ɗauke da shi ya fi mantil ɗin da ke ƙarƙashinsa nauyi. Wannan nutsewar ita ce babban ƙarfin da ke jan farantai, domin sashen da ya riga ya nutse yana jan sauran a bayansa. Shaidar haka ita ce farantan da ke da gefe mai nutsewa, kamar na Fasifik da na Nazka da ke yammacin Kudancin Amurka, sun fi sauran gudu nesa ba kusa ba. Tudu yana taimakawa da ɗan turi, saboda faranti yana zamewa daga bisa zuwa gangare, amma narkakken dutsen da ke fitowa cike gurbi yake yi, ba shi ke ture nahiyoyi ba. Ga amsar da Wegener ya rasa.

Tambaya: Malam, idan wurin tsagewa yake yi, ai rami ya kamata a gani. Me ya sa ya zama tudu? Sannan girgizar ƙasar da ake yi a can tana da haɗari ga mutane? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Malama, zafi ne ya ɗaga shi. Dutse mai zafi yana buɗewa ya ci wuri fiye da mai sanyi, don haka sabon faranti yana zaune a sama, ƙololuwar tudu tana zurfin kimanin mita 2,500. Yayin da yake nisa yana hucewa, yana tsukewa, yana ƙara kauri daga ƙasa har ya kai wajen kilomita 100, yana kuma lotsawa. Ƙasan teku mai shekara miliyan 20 yana zurfin kimanin mita 4,000, mai shekara miliyan 50 kuma kimanin mita 5,000, kuma dangantakar tana da tsari har masani yana iya kintatar shekarun wuri daga zurfinsa. Tsaunukan Himalaya karon farantai ne ya tattare su ya ɗaga su. Tuddan teku kuwa gangare ne mai faɗin fiye da kilomita 1,000 wanda hucewar dutse ta samar.

Ramin da kike tsammani ma yana nan, amma ya danganta da sauri. A tudun Atlantika mai tafiyar hawainiya, narkakken dutse yana zuwa jefi-jefi, ɓawon ya yi sanyi ya tsattsage, sai aka sami kwari mai zurfin kilomita 1 zuwa 3 a tsakiyar ƙololuwa, wanda Tharp ta gano. A tudun gabashin Fasifik, inda buɗewar ke kaiwa santimita 15 a shekara a wasu wurare, akwai narkakken dutse kwance a zurfin kilomita 1 zuwa 2 kacal ƙarƙashin ƙasan teku, ƙololuwar ta zama sumul ba wani babban kwari. A tudun Gakel na Tekun Aktik kuwa, inda buɗewar ba ta kai santimita 2 ba, narkakken dutsen ya yi ƙaranci har a wasu wurare dutsen mantil ne da kansa yake bayyana a ƙasan teku.

Game da girgizar ƙasa, ana yin ta a tuddai kusan kullum, amma yawanci ƙanana ne ko matsakaita, domin dutse mai zafi ba ya iya tara ƙarfi mai yawa kafin ya karye. Waɗanda suka fi girma suna faruwa a tsagogin da suka yanka tudun gunduwa-gunduwa, inda farantai biyu ke gogar juna gefe da gefe. J. Tuzo Wilson na Kanada ya bayyana yadda suke aiki a 1965, Lynn Sykes kuma ya tabbatar da shi a 1967 ta nazarin girgizar da suke haifarwa. Tsagar Romanche da ke tsakiyar Atlantika kusa da ikwaita ta gusar da tudun kimanin kilomita 900. Da yake motsinsu na gefe ne, ba su cika ɗaga ruwa su haddasa igiyar tsunami ba. Haɗarin yana zuwa idan irin wannan tsaga ta ratsa doron ƙasa, kamar ta San Andiriyas a Kalifoniya. Manyan bala'o'i kuwa, kamar na Chile a 1960, na Sumatara a 2004 da na Japan a 2011, duk a wuraren nutsewar faranti suka auku.

Tambaya: Malam, ruwa da wuta ba sa zama wuri guda. Ta yaya teku bai kashe wannan zafi ba, ko shi zafin bai tafasa tekun ba? Na kuma ji an ce akwai halittu a wurin. Daga wani ɗalibin kimiyya.

Amsa: Ɗana, abin da ke can ba wuta ba ce mai buƙatar iska wadda ruwa zai kashe, zafin cikin duniya ne da ke tasowa ba yankewa. Teku kuwa ya yi girman da wannan zafi ba zai ɗumama shi ba. Amma haɗuwarsu tana haifar da wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwan teku yana shiga tsagogin sabon ɓawo ya gangara har kusa da narkakken dutse, ya yi zafi, ya zama mai tsami, ya narkar da ƙarfe da tagulla da tutiya da farar wuta daga cikin basalt, sannan ya taso da ƙarfi ya fito da zafin digiri 350 zuwa 400. Ba ya tafasa, domin a zurfin mita 2,500 matsin ruwa ya ninka na iskar da ke kanmu kimanin sau 250. Da zarar ya haɗu da ruwan sanyi sai ma'adinan su koma ƙwayoyi baƙaƙe su turnuƙe, wasunsu kuma su taru a bakin maɓuɓɓugar su gina bututu mai tsayin mitoci da dama.

A watan Fabrairu na 1977 masu bincike suka nutsa da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin a tsagar Galapagos da ke gabashin Fasifik, suna neman maɓuɓɓugan ruwan ɗumi da lissafi ya nuna dole akwai su. Sun same su, sun kuma tarar da abin da ba su zata ba, har babu masanin halittu ko ɗaya a cikin tawagar: manyan kumba da ƙaguwa da tsutsotsi masu zama cikin farin bututu, cunkushe a wurin da hasken rana bai taɓa isa ba. A 1979 aka gano baƙaƙen maɓuɓɓugan masu tsananin zafi a tudun gabashin Fasifik kusa da Meziko. Tsutsotsin suna kai tsawon mita 2, ba su da baki ba su da hanji. Jan gashin da ke kansu yana ɗauko iskar oksijin da iskar farar wuta daga ruwa, jininsu ya kai wa ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin jikinsu, su kuma bakteriyar su yi amfani da ƙarfin da ke cikin sinadarin su haɗa abinci su ciyar da mai masaukinsu. Akan ce waɗannan halittu ba ruwansu da rana, amma maganar tana buƙatar gyara, domin oksijin ɗin da suke amfani da shi tsirrai da ƙananan halittun saman teku ne suka samar da shi da hasken rana. A shekarar 2000 kuma aka gano wani nau'in maɓuɓɓugai daban kusa da tudun Atlantika, masu fararen hasumiyoyi da suka kai mita 60, ruwansu bai wuce digiri 90 ba, inda hulɗar ruwa da dutsen mantil ke fitar da iskar haidurojin.

Ma'adinan da ke taruwa a waɗannan wurare sun jawo hankalin masu haƙar ma'adinai, kuma Hukumar Kula da Ƙasan Teku ta Duniya, wadda aka kafa a 1994 mai mazauni a Kingiston ta Jamaika, ta ba wasu ƙasashe izinin bincike a sassan tuddan Atlantika da Tekun Indiya. Ra'ayina a nan a fili yake: maɓuɓɓugan da ke raye ƙananan wurare ne, da yawa daga halittunsu ba a samunsu a ko'ina sai nan, kuma bai kamata a sa musu injin haƙa ba alhali sai a 1977 aka san akwai su.

Tambaya: Malam, akwai inda mutum zai ga wannan abu da idonsa ba tare da ya nutsa teku ba? Kuma gaskiya ne Afirka za ta rabe biyu? Daga wani matuƙin jirgin ruwa mai ritaya.

Amsa: Akwai, Baba. Tsibirin Aisilan yana zaune a kan tudun Atlantika daidai inda wani zafi na musamman ke tasowa daga zurfin mantil, narkakken dutsen ya yi yawa har tudun ya fito saman ruwa. A kwarin Tingbelir mutum yana tafiya tsakanin tsagogin da suka buɗe yayin da farantin Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya ke rabuwa da kimanin santimita 2 a shekara. A 1963 sabon tsibiri mai suna Surtsey ya ɓullo daga teku a kudancin ƙasar, kuma tun 2021 yankin Rekiyanes ya koma aman wuta bayan hutun kimanin shekara 800, har aka kwashe mutanen garin Girindabik a Nuwamban 2023. Mai son ganin cikin ɓawon kansa kuwa sai ya nufi tsaunukan Oman, inda karon farantai ya ɗora wani yanki na ƙasan teku mai shekara kimanin miliyan 95 a kan nahiya, ana iya takawa daga duwatsun matashi zuwa jerin bangayen, zuwa gaburo, har zuwa dutsen mantil.

Batun Afirka kuma yana da tushe, ko da yake akan yi masa ƙarin gishiri. Yankin Larabawa ya riga ya ɓalle daga Afirka, kuma Bahar Maliya da Mashigin Adan jariran tekuna ne da sabon ɓawo ke samuwa a tsakiyarsu. Reshe na uku shi ne Babban Kwarin Gabashin Afirka, kuma rassan uku sun haɗu a yankin Afar na Habasha, inda wasu wurare suka gangara fiye da mita 100 ƙasa da matakin teku. A watan Satumba na 2005, a Dabbahu, narkakken dutse ya kutsa cikin wata tsaga mai tsawon kimanin kilomita 60, ƙasa ta buɗe har mita 8 a wasu wurare cikin 'yan makonni, wato aikin ɗaruruwan shekaru a tashi guda. Wannan ya nuna cewa santimitocin da muke ambata matsakaicin lissafi ne. A bakin tsagar kanta ƙarfi yana taruwa shekara da shekaru, sannan ya saki gaba ɗaya. Kwarin Gabashin Afirka yana buɗewa da 'yan milimitoci a shekara, saboda haka idan teku zai shiga, magana ce ta miliyoyin shekaru, kuma a tarihin duniya akwai kwaruruwa da yawa irinsa da suka fara tsagewa sannan suka tsaya ba su zama teku ba.